Jar Hanya da Dokin Ƙarfe a Ƙasar Kafanchan

Da sanyin safiyar hunturu, kafin hazo ya yaye daga kan duwatsun Kagoro, duk wanda ya saki kwalta a bakin garin Kafanchan ya kama hanyar ƙauyuka zai tarar da abin da mutanen wurin suka daina lura da shi saboda sabo. Jar hanya ce mai tsakuwa, irin wadda ake kira burji. Ta gangara kwari, ta tsallake rafi a kan wata 'yar kwalbati, ta sake ɗaukar hawa tsakanin kunyoyin doya da gonakin citta. A tsakiyar hawan ba a rasa wani dattijo da ya sauko daga kekensa yana turawa, buhu guda ɗaure a kariya, wani a cuse a ƙarƙashin ƙarfen tsakiya. Keken baƙi ne, fentinsa ya koɗe, birkinsa na ƙarfe, giyarsa ɗaya tak. In an yi masa sannu da hanya zai amsa yana tafiya, domin wanda ya tsaya da kaya a tsakiyar hawa shi ya san wuyar tashi.

A wasu ƙasashen, kuɗi ake biya a hau irin wannan hanya. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, suka yi tseren keke na mil 200, kimanin kilomita 320, a kan hanyoyin tsakuwa na ƙasar makiyaya. Yau dubbai ke neman gurbi a tseren, har sai an jefa ƙuri'a. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasarta ta farko ta hanyar burji a Italiya, a Kenya kuma tun 2021 ake yin wani na kwana huɗu a yankin Masai Mara. Abin da masu wannan wasa ke nema bai wuce hanyar da mota ba ta dame ta ba, da hawa da gangara, da wurin da ido zai sha kallo. Kudancin Kaduna na da duka, har da ƙari. Sai dai a nan ba wanda ya shimfiɗa hanya don nishaɗi. Kowace ɗaya tana da wanda ya fara taka ta, da wanda aka tilasta wa share ta, da wanda ya ci moriyarta, kuma da wuya mutanen nan uku su zama mutum ɗaya.

Ƙasar ce ta fara zana hanyoyin. Kafanchan na zaune a gindin tsaunukan Jos ta kudu maso yamma, inda iskar damina ke cin karo da dutse ta sauke ruwan da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan nan ya fi na Zariya da Kano nesa ba kusa ba: yakan sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Duwatsun Kagoro, waɗanda suka haura mita 1,000, suna tsiyayo da ƙoramu ta kowane gefe. Cikinsu akwai kogin da 'yan gari ke kira Wonderful, wanda ke faɗowa daga kan dutse a Matsirga, kusa da Madakiya, da ƙarar da ake jiyowa tun daga nesa. Ruwan wannan ɓangare kudu yake nufa, zuwa Mada da Binuwai. Kaɗan a arewa kuwa, wajen ƙasar Kataf, Kogin Kaduna ne ke kwashe shi. Kowane rafi da kurminsa, abin da ya sa sunaye irin su Kurmin Musa da Kurmin Jibrin suka yi yawa a yankin. Matafiyin da ya san ƙasar yakan bi doron tudu tsakanin rafi da rafi, ba ya sauka sai inda akwai mashigi. Burji da yawa na yau a kan wannan tsohon sawu suke kwance.

Kafin zuwan Bature, babbar hanya ita ce ta fatake. Ayari kan taso daga Kano ya biyo Zariya, ya ratso Kauru, ya yada zango a ƙasar Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Kataf, sannan ya wuce Jama'a da Keffi har bakin Binuwai. Sunan Zangon Kataf kansa ya isa shaida. Madugu na gaba, jakuna da 'yan alaro na biye, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafin Kano da kayan fata, su komo da abin da kudu ke da shi.

Turawa biyu da suka bi wannan turba sun bar labari. A 1827, bayan da maigidansa Clapperton ya rasu a Sakkwato, Richard Lander ya baro Kano ya yo kudu da niyyar kai wa ga babban kogi. Ya sauka a Kataf, ya rubuta cewa ya tarar da ƙauyuka masu yawan gaske a kusa da juna da kasuwa mai ci, ya ci gaba har Darroro, tsohuwar ƙasar Jama'a. A nan mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa, suka juya shi zuwa Zariya. Shekara 40 bayan haka, a 1867, Bajamushe Gerhard Rohlfs ya fito daga Bauchi ya bi ta Zangon Kataf da Madakiya ya nufi Keffi. Wato ƙauyen da yau 'yan makaranta ke ratsawa don kallon ruwan Matsirga yana cikin taswirar matafiya tun kafin a san za a yi garin Kafanchan na yanzu.

Amma turbar da ta kawo kanwa ita ce ta kawo hari. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, tana aika gaisuwa Zariya kowace shekara, kuma cikin gaisuwar akwai bayi. Ba daga sama ake samo su ba. Ga Bajju da Atyap da Ham da Gwong da Fantswam da mutanen Kagoro, hanya mai faɗi da doki zai iya sukuwa a kanta masifa ce. Don haka suka yi wa ƙasarsu wani irin tsari na daban. Wasu suka shige kurmi, wasu suka haye dutse. Ana kewaye gidaje da gonaki da shingen ƙerana mai ƙaya da guba, a bar 'yar siririyar hanya mai kwana-kwana wadda mutum ɗaya kawai ke iya bi, mai doki kuwa sai ya sauka, in ya sauka kuma ya zama daidai da kowa. Mutanen Kagoro, da kogunan dutsensu da kibansu, ba su taɓa miƙa wuya ga Jama'a ko Zazzau ba. A zamanin nan, hanya mai kyau ita ce wadda baƙo zai ɓata a cikinta. Wanda ya hau Dutsen Kagoro da ƙafa a yau, ya ga yadda turbar ke lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu, zai gane cewa da gangan aka bar ta haka.

Turawan mulki ba su ji daɗin wannan tsari ba ko kaɗan. Daga 1905 sojojinsu suka yi ta kai farmaki ƙasar Kagoro, ana ƙona gidaje da rumbuna har sai an yarda da biyan haraji. Ɗaya daga cikin jami'an da suka zauna a Jama'a, Tremearne, ya rubuta littafi a kan mutanen a 1912, wanda sunan littafin kaɗai cin mutunci ne. Abin da mulkin ke so a fili yake: mutane su sauko daga dutse su zauna inda za a iya ƙirga su, kuma a sami hanyar da Di'o zai bi ya yi rangadi. Ta haka aka fara share hanyoyi masu faɗi daga gunduma zuwa gunduma, da bariki a kowane zango inda Bature zai kwana. Masu aikin su ne mutanen ƙauyukan da hanyar ta ratsa. Doka ta ɗora wa kowane baligi wasu kwanaki a shekara ba biya, da fartanyarsa da kwandonsa. Maza na sara da haƙa, mata na jidar marmara a ka, dogari na tsaye. In damina ta wanke aikin, da kaka a sake fitowa. Gadoji na itace ne da ƙasa, ruwan farko mai ƙarfi ke tafiya da su, shi ya sa ake kiran yawancinsu hanyar rani.

Waya ma ta bi wannan sawu, ta bar sunanta a Gidan Waya.

Abin da ya juya ƙasar gaba ɗaya shi ne jirgin ƙasa. Dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916, ya ci gaba zuwa Makurɗi, ya hauro ta Lafiya. Injiniyoyi suna neman fili mai laushi inda layin zai rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗaya ya hau tsauni ta Kagoro da Manchok zuwa ma'adinan kuza na Jos. Filin da suka zaɓa yana ƙasar Fantswam. A 1927 aka gama haɗa layukan, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi, aka daina tsallakar da taragai a kan jirgin ruwa. Nan da nan mahaɗar ta zama gari: Ibo da Yarabawa da Hausawa da mutanen Binuwai, direbobin jirgi da makanikai da akawuna da masu sayar da abinci a tasha. A 1933 Sarkin Jama'a da kansa ya baro tsohon mazauninsa ya dawo Kafanchan. Sarauta ta bi dogo, kuma rigimar da wannan ƙaura ta shuka tsakanin fada da masu ƙasa ta daɗe tana tsiro.

Daga nan hanyoyin yankin suka canza alƙibla. A da daga arewa zuwa kudu suke tafiya, bin sawun ayari. Yanzu kowace turba tasha take nema: Kafanchan, Zonkwa, Kagoro, Manchok, Jagindi. Har yau akwai Jagindi Gari da Jagindi Tasha, sunaye biyu da ke ba da labarin yadda gari ke tsagewa ya bi jirgi. Zangon Kataf, da dogo ya kauce masa, ya rage armashi. Jakin fatake ya rasa aikin dogon zango.

A cikin wannan sabon tsari ne keke ya shigo. A Ingila an gama daidaita siffarsa tun 1885, lokacin da Starley ya ƙera mai ƙafa biyu daidai da sarƙa a garin Coventry, Dunlop kuma ya ƙara masa tayar iska a 1888. Kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka riƙa kawo shi tare da atamfa da gishiri da kananzir. Hausawa suka ba shi suna har uku: basukur daga bakin Bature, keke daga bakin Yarabawa, da dokin ƙarfe daga nasu tunanin. Na ukun ya fi faɗin gaskiya. A ƙasar Jama'a doki abin sarakuna ne da barade, kuma ƙudan tsando na kurmi ba ya barin sa ya daɗe. Ga shi an kawo dokin da ba ya cin harawa, tsando ba ya cizon sa, kuma ba a tambayar asalin mai hawansa. Mota ta Razdan ce, amuku na Di'o ne, jirgi na gwamnati ne. Keke ne abin hawa na farko da jikan wadda ta jidi marmara zai iya saya da kuɗin guminsa, ya hau hanyar da kakansa ya share.

Waɗanda suka fara hawa masu albashi ne: ma'aikatan reluwe, malaman En'e, duba-gari, masinjan kotu. Sai 'yan mishan. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, ta zo Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a can, kuma a Kagoro ɗin ne aka yi taron 1954 da ya haifi cocin ECWA. Bature ɗaya ba zai iya zagaye ƙauyuka hamsin ba. Masu bishara 'yan ƙasa da malaman aji su suka yi wannan aiki, da Littafi na Hausa wanda aka kammala fassara shi a 1932, da allo da alli a ɗaure a kariya. Katolika ma haka suka yi da katikis ɗinsu. A ɗaya ɓangaren, ɗan koli Bahaushe ya ɗora akwatin allura da madubi da turare a bayan nasa keken yana bin kasuwannin ƙauye, yau nan gobe can, mahauci na bin sa da nama, malami na zuwa wa'azi ko ɗaurin aure. Duk wanda ke mamakin yadda Hausa ta zama harshen kasuwa da na coci a ƙasar da ke da harsuna fiye da goma, ya kamata ya saka keke cikin lissafinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya yaɗu. Samarin yankin da aka kai Bama sun dawo da 'yan kuɗaɗen sallama, kuma keke biyu ne burin tsohon soja, na hawa da na ɗinki. Sarkinsu duka shi ne Rali, wato Raleigh na garin Nottingham, wanda kasuwarsa ta yi ƙarfi a Najeriya har daga baya aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano. Akwai Hercules, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya zo da sauƙin kuɗi. Saurayin da ya sayi sabon Rali ba ya cire takardar da aka naɗe ƙarfen da ita sai ta yage da kanta. A ɗaura masa madubi biyu, a yi wa sirdi riga, a saƙa zaren roba mai launi a ƙafafu, a goge shi kowace safiya kamar za a kai shi gasa. In ya je zance ƙauyen da ke gaba, ƙararrawa ce ke yi masa sallama.

Hukuma ba ta bar shi ya sha iska kyauta ba. En'e ta sa lasin keke, ana biya kowace shekara a karɓi 'yar lamba ta ƙarfe a maƙala. Ɗan doka na iya tare mutum don rashin lamba, ko rashin fitila da dare, ko goyo. Abin dariya, wannan haraji bai mutu a takarda ba: kundin tsarin mulkin 1999 har yanzu ya lissafa bayar da lasin keke da kwalekwale da baro da amalanke cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Sana'a kuma ta tsiro a gindin kowace bishiyar mangwaro ta bakin kasuwa. Mai gyaran keke da kwanon ruwansa na neman inda tif ya huje, da sholisho da guntun roba na faci, da gwangwanin boris, da famfo. Burji makaranta ce mai tsanani. Gargada na kwance kowane noti, tsakuwa na cin taya, jar laka ta watan Agusta na cushewa tsakanin taya da murfinta har ƙafa ta ƙi juyawa. Masu gyaran suka koyi ninka wayoyin ƙafar baya, da ƙera kariya ta rodi a wurin maƙeri wadda za ta ɗauki abin da masu kamfanin Nottingham ba su taɓa mafarki ba. Yara kuwa a wurin mai haya suke koyo, su zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe saboda ba su kai sirdi ba, su dawo gida da gwiwa a ƙuje.

Kayan da ya fi kowane ɗaure wa keke gindi a wannan ƙasa citta ce. Tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara noma ta don sayarwa waje a ƙasar Jaba da Kachia, daga baya ta bazu Kagarko da Jama'a, har yankin ya zama cibiyar citta ta Najeriya. Ana haƙe ta da kaka, a tsaga, a shanya a kan fa ko a bakin hanya har ta bushe, ƙamshinta ya cika gari. Busasshiyar citta ba ta da nauyin doya, ba ta lalacewa a hanya, kuma kuɗinta ya fi. Kaya ne da aka yi domin kariya. Manomi a wani lungu bayan Kwoi zai iya kai buhunsa kasuwa da kansa ya ji farashi da kunnensa, maimakon ya jira ɗan baranda ya same shi a gida ya yanka masa yadda ya ga dama. Kuɗin makarantar yara da yawa da suka zama likitoci da hafsoshin soja a kan wannan kariya ya bi. Shi ya sa cutar da ta afka wa citta a daminar 2023, ta ruɓar da gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta zama makoki na gida-gida.

Kuza ma ta buɗe nata hanyoyin, wajen Godogodo da ƙasar Jaba, kuma a lokacin yaƙi, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi mutane da ƙarfi zuwa ramukan Jos a abin da ake kira diban gwamna. A ramukan kuzar wannan yanki ne wani abin da ba a nema ba ya fito. A 1928 aka tono wani ɗan gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka sami wani kai na yumɓu a wata ma'adina kusa da Jama'a, wani akawu ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, har labari ya kai ga wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya yi su. Binciken da masana na jami'ar Frankfurt suka fara a 2005 ya nuna mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai keken da ke ratsa ƙasar Ham, wato Jaba, yana taka wurin da ƙafa ta shekara fiye da 3,000 tana takawa.

Akwai kuma hanyar da ba ta cikin taswirar kowa, burtalin Fulani, wanda ke bin gefen gonaki daga mashaya zuwa makiyaya. Inda burtali da gona suka san iyakarsu, akan zauna lafiya. Inda aka cinye shi, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Zamanin keke ya fara gushewa da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa malamin makaranta ya jingine Rali ya sayi Honda ko Suzuki. Jirgin ƙasa, wanda tashin hankalin 1966 da yaƙin basasa suka riga suka raba shi da ɗimbin ma'aikatansa 'yan gabas, ya yi ta ja da baya har tashar Kafanchan ta koma wurin da ciyawa ke fitowa tsakanin dogo. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai ko leƙo ta nan ba. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, gireda ta shiga ƙauyuka ta kankare hanyoyi da yawa, amma hanyar da ba a yi mata magudanar ruwa ba, a ƙasar da ake ruwa wata bakwai, damina biyu ta ishe ta. Daga 2008 Bankin Duniya ya sa kuɗi a wani shirin hanyoyin karkara wanda aka fara da jihar Kaduna. An ga amfaninsa a inda ya taɓa, sai dai ƙauyukan da bai taɓa ba sun fi yawa. A tsakanin nan acaɓa ya karɓe ragama, da Jincheng da farko, sannan Bajaj, wanda ke ɗaukar mutum uku da buhu biyu ya haye inda mota ke tsoro. Ran Alhamis, ranar kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan, wadda 'yan kasuwa ke zuwa mata tun daga kudancin ƙasar nan, mai kallo zai ga abin da babur ke iya ɗauka.

Keke ya koma abin dattawa da 'yan makaranta, hawansa ya zama alamar rashi. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce 'yan Najeriya su koma keke a 2001, dariya aka yi masa, da wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja kuma dariyar ta ƙaru. Sai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka ga mutane na sauko da tsofaffin kekuna daga rataya suna neman mai faci. Hukumomin wasanni ma ba su yi abin a zo a gani ba. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na gasar Olamfik a Faris a 2024, sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga wani ɓangare na gasar. Ƙasar da ba ta iya saya wa gwanarta keke ba, da wuya ta tuna da burjin Madakiya.

Ga kuma babbar matsalar da ba a iya kauce wa faɗin ta. Rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, na bayan zaɓen 2011, da hare-haren dare da satar mutane na shekarun baya-bayan nan, sun mayar da wasu hanyoyin abin tsoro ga kowa, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi. Akwai turbar da shekara 40 da suka wuce yarinya ke bi ita kaɗai da tallan ƙosai, yau namiji ba ya bin ta bayan la'asar. Tsohon tunanin nan na cewa hanya ce ke kawo mugu ya dawo, bayan an yi zaton keke da kasuwa sun binne shi.

Duk da haka hanyoyin na nan, kuma da rani suna da daɗin hawa. Daga Kafanchan zuwa Matsirga da Madakiya, a zagayo ta gonaki zuwa gindin Dutsen Kagoro, tafiyar safiya ɗaya ce ga mai matsakaicin ƙarfi. Kagoro, garin da Gwamna Awan ya yi wa sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, yana cika maƙil kowace ranar 1 ga Janairu don bikin Afan, maharba da makaɗa na fitowa, 'yan ƙasa na dawowa daga Kaduna da Abuja da Legas. Da ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura za su haɗa kai da masarautu da ƙungiyoyin matasa su sa tseren keke a makon bikin, a buɗe shi ga mai baƙin Rali da mai keken zamani, ba sai an gina komai ba. Samarin da ke tura buhun citta a hawan nan tun suna yara ba ƙafa suka rasa ba.

Mai sha'awar gani da idonsa ya je tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da rafuka suka janye kuma ƙasa ta yi tauri. Ya tafi da famfo da faci da ruwan sha, ya nemi ɗan gari ya raka shi, ya fara gaida mai unguwa kafin ya ratsa ƙauye, kuma ya dawo kwalta kafin magariba.